Gwaggo Habsa Ba Ta Manta Ba

Zugu, 10 ga Rabi'ul Awwal

Daga Alhaji Muhammad Nur ɗan Idrisu ɗan Madugu Massaoudou, babban gidan Madugu a Zugu, wadda ku 'yan lakwal, masu karatun boko, kuke rubutawa Djougou, zuwa ga jikar yayana, Ummuhani, a unguwar Guéma, Parakou.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidanku. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafata ta hagu tana nan yadda kika san ta, ruwan sama ya kayar da katangar bayan gida, Yaya Habsa kuma tari ya kama ta kwana tara ke nan. Gaisuwa ta ƙare, don ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Aboubacar direban kamiyo, babbar motar kaya, ya dawo daga Parakou da hoto a portabul ɗinsa, wayar hannu. Wani dogon bango ne a Gare, inda manyan motoci ke tsayawa, an zana ayarin fataken goro, an rubuta sunan kakanmu Massaoudou da manyan baƙaƙe. Na ce madalla. Sai na matso da idona. Raƙuma! Raƙuma bakwai, Ummuhani, da yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yaushe raƙumi ya taɓa ɗauko mana goro daga Salaga? Da jakuna muka zo ƙasar nan, da kawunan mutane. Mutumin da ya taka hanya da ƙafarsa har faso ya cinye masa dunduniya, kun ɗora shi kan raƙumi kun rufe masa fuska da rawani. Da zai tashi yau ya ga bangon nan, sallama zai yi ya tambaya baƙin daga ina.

Wannan ma da sauƙi. A ƙasan zanen akwai rubutun Faransanci, na sa an karanta mini sau biyu don kada in zalunce ki. Wai waƙar hanya ta gidan Madugu ta ɓace, wai tsohuwa ta ƙarshe da ta san ta, Habsa ta Djougou, ba ta tuna komai sai zango ɗaya. Ga sunanki a ƙasa, wai ke kika yi bincike.

Yaya Habsa ce ta manta? Matar da har yau take tuna launin ragon da aka yanka ranar sunan ubanki? Kin zo watanni huɗu da suka wuce da na'urar ɗaukar murya kamar sabulun wanka, kin ci mata tuwo, kin sha mata fura, kin koma kin rubuta a bango cewa kanta ya zube. Kowane ɗan kamasho da kowane mai talla a Gare yanzu ya san Habsa ta rikice, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Yaron nan mai hankali da natsuwa, jikanta Saifullahi, shi yake tare labarin a bakin zaure kada ya shiga ciki. Ki yi koyi da shi. Bai taɓa kwana ɗaya a lakwal ba, amma ya san jaki in ya gan shi.

Umarnina biyu ne. A goge ƙaryar nan. Ki taho Zugu.

Kada ki neme ni a waya, kin san ba na magana da abin da ba shi da fuska. Ki ba Aboubacar amsa, shi kuma ya ba Saifullahi a teburinsa na goro, zai kawo mini. Wassalam.

*

Parakou, 25 ga Satumba

Baba Alhaji,

Ina gaishe ku da girmamawa. Allah ya ba Gwaggo Habsa lafiya, ya sauƙaƙa muku ƙafa. Ku gafarce ni da jinkiri: ajamina ya yi rauni, sai da na kai takardarku wurin wani malami a Tourou ya karanta mini, kuma na tsaya a gaban baƙo ana karanta zagina. Na rubuta da boko, ku sa a karanta muku.

Maganar raƙuma kuna da gaskiya. Na gaya wa Awalu mai zanen cewa jakuna ne, ya ce masu bangon sun ce jaki ba ya kyau a hoto. Na ƙyale shi, bai kamata in yi ba.

Amma maganar Gwaggo, Baba, ba zan karɓi sunan maƙaryaciya ba, ko daga gare ku. Shekara biyu ina bin gidajen zuriyar fatake daga Parakou har Nikki, ina zama a ƙasa, karnuka na bina, don kada a wayi gari babu wanda ya san ta inda muka fito. Wa ya taya ni? Da na zo Djougou kuna kasuwa, ko leƙowa ba ku yi ba. Na zauna gaban Gwaggo tun hantsi tana tsintar goro. Ta fara waƙar, tsigar jikina ta tashi. Minti tara ta yi, ta ce "Mun sauka," ta rufe goronta da ganye, ta yi gum. Na roƙe ta, na jira har azahar, ko kalma ɗaya. Na fito zaure na tambayi Saifullahi ko akwai saura. Da bakinsa ya ce mini: "Shi ke nan fa, sauran ya zube, tsufa ne." Abin da na gani da abin da ɗan gida ya gaya mini na rubuta.

Kuma ku yi haƙuri, wannan da kuke cewa in yi koyi da shi, shi ne ya sa mini ƙadangare a jaka ranar da zan taho, na buɗe ta a cikin taksi mutum shida suka kusa fita ta taga. Shi ne ya kira ni da muryar mace wai daga rediyo, na yi bayani rabin awa. Shi ya sa na toshe lambarsa. In wannan ne mai natsuwa a gidan Madugu, to lallai gidan na bukatar addu'a.

Ba zan iya zuwa yanzu ba. Ina gyaran mémoire ɗina, littafin binciken da zan kare gaban malamai a watan Nuwamba. Bayan nan, in Allah ya so, zan zo in kwana biyu.

Jikarku,
Ummuhani

*

Zugu, 27 ga Rabi'ul Awwal

Ummuhani, sallama a gare ki. Muna lafiya ban da Yaya Habsa. An kai ta asibiti, an ba ta ƙwayoyi, tari ya ragu amma zanenta yanzu sau biyu yake zagaya ta.

An karanta mini takardarki, na ji rashin kunya a cikin ladabi. Wato shekara biyu kina yawo da na'ura, amma hujjarki ita ce Saifullahi? Wa yake rubuta maganar Saifullahi a bango? Yaron da ya taɓa gaya wa liman an ɗage Juma'a zuwa Asabar? Eh, na ce yana da hankali, kuma ina nan a kan bakana, ƙadangaren ma ƙarami ne, ba ya cizo. Amma mai bincike ba ta tambayar mutum ɗaya a zaure ta hau mota.

Buɗe kunnenki, tunda malamanki ba su koya miki ba. Waƙar hanya ba a yin ta zama ɗaya. Zango arba'in da ɗaya ne daga Salaga zuwa bakin Kwara, kuma yadda Massaoudou ya taka su haka ake faɗinsu: zango ɗaya a rana ɗaya, da hantsi, ana tsintar goro ana fitar da ruɓaɓɓe, kamar yadda fatake ke kwance huhun goro su duba kaya in sun sauka. In mai waƙa ta ce "Mun sauka," to an sauka. Ba a tsallake zango, ba a haɗa biyu, ko da gwamna ne ya zo da mota. A kowane zango akwai sunan rijiya, da wanda ya mutu a wurin, da wanda aka haifa, da abin da aka ci. Ummuhanin da aka sa miki sunanta, a zango na sha tara aka haife ta, ƙarƙashin wani kayan jaki, ana ruwa. Yana cikin littafinki?

Ga abin da ya fi ci mini rai. In mai waƙa ta ɗauki hanya da mutum, ba ta sake ɗauka da wani sai ta kai na farko. Haka ta karɓa daga gwaggonta, haka ta ba 'yarta Housseina, Allah ya ji ƙanta, kuma Housseina ta tafi da nata kabari. Ranar da kika zauna gabanta, da ke ta ɗauki hanya. Washegari da hantsi ta shimfiɗa tabarma biyu, ta jiƙa ganye, ta zauna. Kina Parakou. Haka jibi, haka gata. Yau wata huɗu da rabi ayarin yana zangon farko. Wani a gidan nan, ba sai na faɗi sunansa ba, ya durƙusa ya ce ta fara da shi. Ta ce, "Ina da baƙuwa a daji, ban barin ta in koma Salaga ɗaukar wani."

Kin gane yanzu? Ba ke kaɗai kika rasa ba, kin kulle ƙofar kin tafi da makulli. In ta rasu kina can kina gyaran memwar, abin da kika rubuta a bango zai zama gaskiya, kuma ke kika mayar da shi gaskiya.

Kwana biyu! Wa zai yi me da kwana biyunki? Kwana arba'in suka rage miki a hanya. Ki zo da kayan sawa, ki bar malaman su jira, su ba tari suke yi ba.

Alhaji Muhammad Nur

*

Zugu, 18 ga Rabi'ul Sani

Ummuhani. Sallama. Muna nan.

Mako uku. Aboubacar ya je Parakou sau biyar, sau biyar yana dawowa yana juya mini tafin hannu. Ko malamin Tourou ne ya yi ƙaura? Ko takardar tsoho ba ta kai a amsa ba sai an buga mata hatimin Faransanci?

Jiya Kaka ta kasa ɗaga kwandon goro, sai da aka ɗaga mata. Amma ta sa an shimfiɗa tabarma biyu. Da rana ta take ta ce a naɗe ɗaya. Na so a ce ta yi zagi.

In ba za ki zo ba ki faɗa, in shiga in gaya mata baƙuwarta ta mutu a daji, ko ta yarda ta koma Salaga. Ƙarya ce, amma gidan nan ya ga ƙaryar da ta fi ta muni. Kuma daga ranar kada ki ƙara rubuta sunan Massaoudou kusa da naki.

Alhaji

*

Parakou, 22 ga Oktoba

Baba Alhaji,

Ina durƙushe ina gaishe ku. Yaya jikin Gwaggo? Takardarku ta jiya ta same ni da fenti a hannu, shi ne dalilin shiruna. Na ƙi amsa muku da baki kawai.

Da aka karanta mini ta biyun, na koma ɗaki na kunna abin da na ɗauka ranar nan. Kullum a minti na tara nake kashewa, inda ta ce "Mun sauka." Wannan karon na bar shi. Ashe na'urar ta ci gaba da ɗauka ina tattara kaya. Ana jin ƙarar jakata, ana jin takalmina ina fita, sannan muryarta can ƙasa: "Gobe da hantsi, 'yar nan. Ki zo da wuri, gaba akwai rafi." Wata biyar maganar nan tana cikin jakata.

Na yi kuka, sannan na yi fushi, kuma har yanzu fushin bai sauka ba. Gida cike da mutane, Baba! Ba wanda zai ce mini "dawo gobe"? Kuna da wannan ilimin duka kuka bar ni na hau taksi? Shi kuma Saifullahi, da ya dubi idona ya ce ya zube, Allah ya isa tsakanina da shi. Kada ya gaishe ni in na zo.

Na yi faɗa da Awalu, na yi faɗa da masu bangon. Sun ce ba za a taɓa zane ba sai an yi taro. Bon, shi ke nan. Na sayi fenti na je da rana tsaka, direbobi na kallo, na shafe rubutun da hannuna. Awalu ya zo zai yi masifa, na kunna masa muryar Gwaggo, ya tsaya ya ji har ƙarshe, ya karɓi buroshi. Raƙuma huɗu sun zama jakuna, uku na jiran layi. Babin da na rubuta a kan gidanmu na cire shi, na gaya wa malamina ba zan kare littafin a Nuwamba ba. Ya ce zan iya rasa shekara. Na ce na ji.

Ina zuwa ranar Juma'a da kayan kwana arba'in. Kuma ba ni kaɗai ba. Na nuna wa Babana takardunku. Kun san shekara goma sha ɗaya ke nan ba ku yi magana da shi ba, tun rigimar filin bayan gida. Da ya ga rubutun hannunku ya riƙe takardar ya daɗe, ya ce, "Baba Nur ya rubuto gidana." Zai zo ya durƙusa gabanku da takardun uku, ya gode muku da kuka fara miƙo hannu.

Jikarku,
Ummuhani

*

Zugu, Laraba

Ummuhani, taubashiyata,

Sallama. Kaka ta sha kunu yau, ta shanye. Alhaji ma yana lafiya, yana kasuwa, kuma bai san yana rubuta wa kowa takarda ba.

Zauna tukuna. In kina gaban malamin Tourou ne, malam, don Allah karanta a hankali, kuma ka matsar da duk abin da za a iya jifa da shi.

Ni ne. Saifullahi. Duka ukun ni ne. Alhaji ne ya koya mini riƙe alƙalami tun ina shekara shida, da bulala, har hannuna ya zama nasa. Ko shi in ya ga allona sai ya tsaya tunanin yaushe ya rubuta. Kin toshe lambata, kuma da na aiko da sunana da kin kunna wuta da takardar. Wa zai taso daga Parakou saboda mai ƙadangare? Sai na ari rawanin da ya fi kowanne girma a gidan. Aboubacar ne ke karanta mini naki a bayan kamiyo, ranar da kika ce gidan na bukatar addu'a sai da ya sauka ƙasa don dariya. A ta ukun har "Kaka" na rubuta maimakon "Yaya Habsa". Mai bincike, ba ki gani ba.

Abin da na faɗa a kan waƙar gaskiya ne, da tabarma biyu, da tari, da zango na sha tara. Abin da na ɓoye shi ne wannan. Housseina mahaifiyata ce, kin sani. Ina kan cinyarta aka yi mata kwana arba'in da ɗayan nan, ɗan abin da na sani guntaye ne da suka maƙale a kunnen yaro. Shekara uku ina roƙon Kaka ta ɗauki hanya da ni, tana cewa ban iya zama wuri ɗaya ba. Sai ga ki da na'ura da tabarau, safiya ɗaya, ta buɗe miki baki. Ina zaure ina ji. Da kika fito kika tambaye ni, na san sarai abin da ya kamata in ce. Na ce ya zube. Na ɗauka za ki tafi, ta gaji da jira, ta juyo kaina. Ban san kakata ba ashe. Maganar da na yi ta zaginki a kanta, daga bakina ta fita kafin ta hau bango. Kin ce Allah ya isa. Ban ce ki janye ba.

Amma ni ma ina da nawa fushin, kuma ba na Alhaji ba ne. Kin yi shekara biyu kina neman tarihinmu, kika ba Kaka rabin yini. Wannan ba ni na yi miki ba.

Yanzu maganar Babanki. Tun jiya abinci ya ƙi shiga. Ba zan bari dattijo ya tako daga Parakou ya durƙusa a kan ƙaryata ba. Gobe bayan azahar zan sami Alhaji in gaya masa komai, in miƙa masa bulalar da hannuna, tana nan rataye inda take. In ya kore ni daga gidan, zan roƙe shi abu ɗaya kafin in ɗauki tabarmata: ya fito zaure ranar Juma'a ya tarbe ku. Ki gaya wa Babanki gaskiya kafin ku hau mota. In ya fasa, da hujjarsa. Ke dai kada ki fasa.

Na riga na gaya wa Kaka kina zuwa. Ba ta yi murna irin ta mutane ba. Ta ce a nemo ganye sabo, wancan ya bushe. Na tambaye ta ko an yarda wani ya zauna daga bakin ƙofa yana ji, in bai yi motsi ba. Ta dube ni ta ce jaki ma yana bin ayari, ba a hana shi kunne.

Zan jira ki a tasha da babur. Kin ce kada in gaishe ki, ba zan gaishe ki ba. Ki mare ni a can gaban mutane, ki gama, ki duba jakarki da kyau, sannan ki hau. Asabar da hantsi za a tashi daga zangon farko, kuma ta ce gaba akwai rafi.

Saifullahi ɗan Housseina,
da hannunsa, da sunansa